Zafin bazara, ɓarawon da ba ya rage lissafi

A kowane ciniki na nesa mutum uku ake lissafawa: mai aikawa, mai ɗauka da mai karɓa. Amma a ƙasarmu, daga tsakiyar watan Maris har saukar ruwan farko, akwai na huɗu wanda ke shiga cikin hulɗar ba da gayyata ba, kuma ba a taɓa rubuta sunansa a takardar kaya ba. Shi ne zafin rana. Tun daga Yamai yake hawa mota, ya zauna bisa kaya, ya ci rabonsa a hanya, ya sauka Dogon Dutsi ba wanda ya ce masa kanzil. In ɓarawo ya ɗaga tamfol ya zare kwali guda, mai karɓa zai ƙidaya ya ga giɓi, a tuhumi direba ko karen mota. Shi kuwa zafi, bayan ya gama ɓarnarsa lissafi na nan cif: ɗari aka loda, ɗari aka sauke. Abin da ke cikin ɗarin ne ya tashi aiki.

Da giya zan ba da misali, na kuwa san akwai masu karatu da za su ɗaure fuska tun daga wannan kalma. Suna da hujjarsu. Mafi yawanmu Musulmi ne, addini ya hana mu shanta, ya hana mu cinikinta, kuma ba ni da niyyar yi mata talla a wannan shafi. Sai dai haja ce da ke bin hanyarmu kullum, ma'aikatan duwan da na haraji suna rubuta ta a rajistarsu, kuɗin da ake karɓa a kanta suna shiga baitulmali. Abin da ya sa na zaɓe ta kuwa shi ne, cikin dukan kayan da na taɓa ganin ana lodi, babu mai saurin tona asirin zafi kamarta. In ta sha rana takan fashe, ko ta yi wari, ko ɗanɗanonta ya juya, mai saye kuma ya maido ta nan take. Sauran kaya, irin su magani da madarar jarirai da irin shuka, shiru suke yi su lalace. Don haka a ɗauke ta a matsayin mai ba da shaida. Abin da za ta faɗa ya shafi mai kanti, ya shafi mai farmasi, ya shafi duk wanda ke zaune yana jiran kwali daga nesa.

Ga yadda na san zancen. Ni haifaffen Dogon Dutsi ne. Sa'ad da nake ɗan lise, wani kawuna direban babbar mota ya samo mini aikin hutu a wani depo na lemo da giya, mallakar wata mata ƴar ƙasashen bakin teku wadda ta daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinta. Aikina riƙon rajista: in ƙidaya kaziye, wato akwatin kwalabe, masu cike da suka shigo da fanko da za su koma, in kuma rubuta wa kowane mai saye takardarsa. Na yi hutu biyar ko shida a wannan kujera, ciki har da gajeren hutun ƙarshen Maris, wanda ke faɗowa daidai lokacin da rana ta fara nuna hali.

Daga Yamai zuwa Dutsi wajen kilomita 275 ne bisa babbar hanya mai lamba ɗaya, ta Doso da Bolbol da Kore Mairuwa. Motar fasinja takan cinye su cikin awa huɗu ko biyar. Babbar mota mai nauyin kwalabe, ga shingaye ga tsaye-tsaye, takan share yini. Dutsi kuma ba nan ne ƙarshen tafiya ba. Daga depo kayan ke sake watsuwa cikin ƙananan motoci da amalanke da babura, zuwa Matankari da Dogon Kirya a arewa, Dan Kasari a gabas, Tibiri da Gesheme da Dumega a kudu, sau da yawa bisa hanyar jar ƙasa mai gargada. A watan Afrilu ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 kusan kullum, kuma wannan awon na inuwa ne. Kwalba kuwa ba a inuwa take tafiya ba. Tana tsakanin kwalta mai tururi daga ƙasa da tamfol mai ƙuna daga sama.

Abin da rana ke yi wa kwalba

Ɓarna uku rana ke yi wa kwalbar giya. Ta farko ita ce wadda kowa ke ji da kunnensa, kuma ta shafi lemo ma. A cikin kwalba akwai iskar gas da aka matse cikin ruwan, ita ke kawo kumfa. Ruwa mai sanyi yana riƙe wannan iska, ruwa mai zafi yana korarta. To, tun da murfi ya hana ta fita, sai ta taru a wuyan kwalba tana tura gilashi. A ɗaki mai matsakaicin sanyi ƙarfin turawar ya yi kusa da na iskar tayar ƙaramar mota. In zafi ya tashi daga digiri 20 zuwa 40 yakan kusa ninkawa. Sabuwar kwalba tana jurewa. Amma kwalabenmu masu komawa ne, an wanke an sake cikawa ba adadi, jikinsu duk ƙarzuwa da ƙananan tsaga waɗanda ido ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mota ta faɗa rami guda, kwalba ta bugi ƴar'uwarta, sai ka ji tau, kamar an harba bindiga. Na san karen motar da ke ɗauke da tabo a kunci daga irin wannan fashewa, saura ƙiris da ido ne.

Ta biyu ba ta da ƙara. Giya da hatsi ake yin ta, kuma tun ranar da aka rufe ta take tsufa, domin ƴar iskar da ta saura a ciki tana cin ɗanɗanonta sannu a hankali. Masana sinadarai suna da ƙa'ida a kan irin wannan lalacewa: duk ƙarin digiri goma, saurinta yakan ninka sau biyu, wani lokaci har uku. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Kwalbar da ta yini a digiri 50 ƙarƙashin tamfol ta yi tsufan da ƴar'uwarta mai zaune a digiri 20 za ta yi cikin yini takwas ko fiye. Mako guda a irin wannan hali, wata biyu ke nan sun tafi. Kwanan watan da kamfani ya buga a jikin kwalba yana nan bai motsa ba, domin shi an lissafa shi ne bisa zaton kaya za su zauna a wuri mai sanyi. Masu sha sukan ce tana ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Sanyaya ta daga baya kuma ba ya maido da abin da ya tafi, firigo tsai da ɓarna kawai yake yi.

Ta uku ta haske ce. Akwai wani fure mai ɗaci, wanda Faransawa ke kira hublon, da ake sa wa giya. In hasken rana ya ratsa gilashi ya taɓa ɗacin nan, sai ya rikiɗe ya zama wani abu mai wari irin na bodari. Ba a ko yini, mintoci sun isa. Shi ya sa ake yin kwalbar da gilashi mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ke tare mafi yawan hasken. Koriyar kwalba kariyarta kaɗan ce, fara kuwa ba ta da ko ɗaya. Gwangwani yana hana haske shiga gaba ɗaya, amma ƙarfe ne marar kauri, nan da nan yake ɗaukar zafi. Gorar roba ba ta fashewa kamar gilashi, sai dai in ta sha rana iskarta takan sulale ta jikin robar, mai saye ya buɗe lemo ya tarar da ruwan sukari salam.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. Kakanninmu na Arewa sun san giyar hatsi tun kafin kwalba ta zo, kuma sun warware zancen sufurinta ta hanya mafi sauƙi: ba su kai ta nesa. Burkutu a raye yake cikin tulu, yana ci gaba da tsima da kansa, kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami. Inda aka dafa shi nan ake shanye shi. Turawa ma sun daɗe ƙarƙashin wannan hukunci. A 1553 sarkin Bafariya, cikin ƙasar Jamus ta yau, ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, domin ta lokacin zafi lalacewa take yi, zafin da mu a nan sai mu kira shi sanyi. Sa'ad da Turawan Ingila suka zauna a Indiya, jirgin ruwa yakan yi wata huɗu zuwa shida kafin ya kai ganguna daga Landan zuwa Kalkata, yana zagaya ƙurewar kudancin Afirka, yana ratsa tsakiyar duniya mai zafi sau biyu. Masu dafawa suka gane cewa in sun ƙara furen nan mai ɗaci kayan sun fi jure tafiya. Haka kamfanin Guinness ya yi a Dablin tun 1801, da ya ware wata baƙar giya mai ƙarfi domin ƙasashe masu zafi, wadda jikanyarta ce ake sayarwa a Afirka ta Yamma.

Ƙarni na 19 ya kawo abu uku da suka canza sana'ar. Louis Pasteur na Faransa, wanda ya wallafa bincikensa kan giya a 1876, ya nuna cewa ƙananan halittu ne ke sa ta tsami, kuma ɗumama ta zuwa wajen digiri 60 na ɗan lokaci yana kashe su. Carl von Linde na Jamus ya ƙera injin sanyi a shekarun 1870, masu gidajen giya na Munik ne kuwa suka fara biyan kuɗinsa. Firigon da ke riƙe allurar rigakafi a asibitinmu daga zuriyar wannan inji ya fito. A 1892 wani Ba'amurke, William Painter, ya ƙirƙiro murfin ƙarfe mai haƙora da muke ɓallewa a kan kowace kwalbar lemo. Duk da haka dabarar da ta fi kowace aiki ita ce ta kakanninmu, wato rage nisa. Shi ya sa masana'antu suka biyo masu saye. Kwalbar Star ta farko ta fito a Legas a 1949, aka buɗe wata masana'anta a Kaduna a 1963, aka kafa Braniger a Yamai a 1967. Teku ta fita daga lissafi. Abin da ya saura shi ne kilomitocin ƙarshe, a nan kuwa ɗumamar Pasteur ba ta hana kwalba fashewa, ba ta hana ta tsufa. Sai direba da tamfol da hankalinsa.

Tafiyar fatake

Kawuna bai taɓa jin sunan waɗannan Turawa ba, amma a aikace ya san abin da suka sani. A bazara ba ya yarda a yi masa lodi da hantsi. Da la'asar sakaliya ake fara ɗora kaya, ya tashi bayan isha'i, kafin rana ta yi tsawon mashi yana ƙofar depo. In mai kaya ya matsa masa ya tashi da rana don sauri, sai ya ce: «Maigida, in kayanka kake so, bar ni in yi tafiyar fatake. In kwalabe kawai kake so, to mu tafi yanzu.» Gaskiya ya faɗa, ba shi ya ƙirƙiro ba. Madugan da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja da asuba suke tashi, rana na take tsaka suna zango. Ayarin gishirin Bilma kuwa sai zafi ya karye, wajen watan Oktoba, yake fita.

Wajen rufi ma yana da tsari. Baƙin tamfol da aka ɗaure tam bisa kaya tanda ne, zafi in ya shiga ba ya fita. Shi sai ya fara shimfiɗa zana ko tabarmar kaba bisa kaziye na sama, ya gitta itace, sannan ya ja tamfol, ya bar tazarar taƙi guda da kafa gaba da baya domin iska ta ratsa in mota na gudu. In tilas ta sa ya tsaya da rana, yakan jiƙa buhunan algarara ya rufa a gefen da rana ke duka. Hikimar randa ce da salka: ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, busasshiyar iskar Maris da Afrilu kuwa ita ta fi dacewa da wannan aiki. Da wannan hikima ce wani malami na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a shekara ta 2000. Kaziye kuwa matse su ake yi har babu mai motsi, a sa tsohuwar roba tsakaninsu da ƙarfen mota. Kawu ba ya tsayawa bisa kwalta in akwai gawo ko dogon yaro kusa, ya kuma san kowace inuwa tsakanin Doso da Dutsi kamar yadda ya san gidajen danginsa. Gawo, in ji shi, abokin direba ne, tun da da rani yake ganye.

Mai depo ita ma tana da nata dokoki. Kayan da suka sauka da zafi ba a watsa musu ruwan sanyi, ba a kuma tura su firigo nan take, don gilashi mai zafi in ya gamu da sanyi farat ɗaya tsagewa yake yi. Sai sun kwana a ɗaki sun huce. Ɗakin ajiyarta na laka ne mai kaurin bango da rufin ƙasa, ta ƙi komawa na kwano ko da ya fi faɗi. Wanda ya riga shigowa shi ke riga fita, da alli muke sa wa kowane jeri ranar zuwansa. A bazara takan rage abin da take sayowa a sawu guda ta yawaita sawu, gara kaziye hamsin sau biyu da ɗari sau ɗaya. Kuɗin mota yana ƙaruwa, amma a iya zamana ban ga ta zubar da jeri ko ɗaya ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne bayan kaya sun bar hannun irin waɗannan mutane. Akwai wani tsohon soja da ke riƙe da ɗan wurin shan lemo da giya a wani gari na kudancin Arewa. Ya shekara tara yana saye a wurinmu, bai taɓa cin bashi ya hana ba. Wani watan Afrilu, ana gab da wani biki, ya tattara kuɗin fanshonsa na wata uku ya aiko a ba shi kaziye ashirin, ya kuma turo wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya da ya yi haya. Motar ta zo da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Mai depo ta ce a bari sai yamma, direba ya ce yana da wani sawu a gabansa. Aka loda, ba zana ba tamfol. Daga baya muka ji yadda tafiyar ta kasance: awa biyu a wani shinge ana gardamar takarda, sannan taya ta fashe, sannan direba ya biya wata kasuwa ɗaukar buhunan hatsi, kayan suka kwana a tasha suka sake yini. Tafiyar da ba ta kai kilomita 70 ba ta ci awa talatin.

Cikin kwalba 240, goma sha bakwai suka fashe. Wannan bai zama rigima ba, domin al'adar sana'ar ta san da fashewa, akwai yadda ake raba asararta. Tsoho ya ƙidaya saura, ya sa hannu. Bayan kwana huɗu sai ga shi a depo da kwalba biyu cikin jaka, ya dangwarar da su bisa teburina.

«Madam, abin da kika aiko mini ba ya shayuwa. Mutanena sun ɗanɗana sun ajiye, sun koma wurin maƙwabcina.»

«Baba Soja, lafiya lau suka bar nan. Ga yaron nan, shi ya ƙidaya. Kai ma ka ƙidaya ka sa hannu.»

«Kwalba na ƙidaya, ƴata. Ban ƙidaya abin da ke ciki ba.»

Aka nemo direba, ya ce ashirin aka ba shi, ashirin ya kai, a nuna masa inda ya ci amana. Kowa cikinsu gaskiya ya faɗa, takarda kuma ta goyi bayan biyu daga cikin ukun, domin gurbi uku gare ta: irin kaya, adadi, kuɗi. Babu gurbin sa'ar tashi, babu na sa'ar isa, babu na yadda aka rufe. Mai depo ta yi masa rangwamen kaziye uku don zumunci. Bai isa ba. Kafin damina ya rufe wurin, kuma har na bar aikin ban sake rubuta sunansa a rajista ba. Haka asarar zafi take, gangarowa take yi kamar ruwa: ta wuce kamfani, ta wuce babban dillali, ta wuce mai mota, ta tsaya a kan na ƙarshe, wanda jarinsa ya fi na kowa ƙanƙanta.

Layi uku a takarda

Abin takaici, doka ba ta yi shiru a kan wannan ba, mu ne ba mu aiki da ita. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa, a haja ta halal, wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibi yana da zaɓin mayarwa. Dokar OHADA ta 2003 kan ɗaukar kaya a mota ta raba ɓarna gida biyu. Wadda ido ke gani, a rubuta ƙorafi a kanta kafin ranar aiki ta farko bayan saukewa ta wuce. Wadda ba ta bayyana ba, an ba mai karɓa kwana bakwai, ban da Lahadi da ranakun hutu. Ke nan sa hannun tsohon nan bai rufe masa ƙofa ba, da ya sani. Amma ko da ya sani, da me zai kafa hujja, alhali ba a rubuta sa'ar da mota ta tashi ba?

Shawarata ga ƴan kasuwa ba ta cin ko dala. A ƙara layi uku a kowace takardar kaya daga Maris zuwa Yuni: rana da sa'ar lodi, rana da sa'ar saukewa, da yadda aka rufe kayan. A yi magana tun kafin mota ta tashi a kan wanda zai ɗauki asara in tafiyar awa uku ta zama ta kwana biyu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mai karɓa ya ɗora hannunsa bisa kaya kafin ya sa shi a takarda, in ya ji zafi ya rubuta cewa ya ji zafi. Wanda ke da hali ya sayi ɗan ma'aunin zafi irin mai riƙe adadi mafi girma da ya gani, ya jefa cikin kwalin tsakiya. Direban da ya san akwai mai shaida a bayansa, da kansa zai nemi inuwa.

Zancen ya ƙara nauyi a shekarun nan, domin jira ya ƙaru. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya tsai da ɗaruruwan manyan motoci a Malanbil, hayin gadar Gaya, suka yi makonni suna shan rana, daga baya kayan da suka saba biyowa ta Kwatanu suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari mai rakiyar soja. A watan Agustan shekarar aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Birnin Kebbi, ba a maido ta ba sai Maris na 2024. Kwantena ta ƙarfe da aka rufe a rana, cikinta yana iya kai digiri 60. Tafiyar dare kuma, wadda ita ce babban makamin kawuna, rashin tsaro ya hana ta a wasu hanyoyi. Abin da ya rage wa direba shi ne sammako da dogon zango da tsakar rana.

Kayan da ba su magana

To, a nan nake roƙon wanda ya ɗaure fuska tun farko ya saurare ni. Irin motar da ke ɗauko kaziye ita ce ke ɗauko kwalin maganin tari da na zazzaɓin yara, sau da yawa a can sama, don ba su da nauyi, daidai ƙarƙashin tamfol inda zafi ya fi taruwa. A duba jikin kwalin, a mafi yawa an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30. Insulin na masu ciwon sukari, da allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsai da jini, da galibin alluran rigakafi, tsakanin digiri 2 da 8 ake son su zauna. Mashayi in ya ji ɗanɗano ya canza yakan tofar ya nemi kuɗinsa. Uwar da ta ba ɗanta maganin da rana ta kashe ba ta da hanyar sani. Za ta ga zazzaɓi bai sauka ba, ta ce ciwon ne ya fi ƙarfin magani, ko ta ce sammu ne. Wanda ya ratsa kasuwannin ƙauye da azahar ya ga tiren ƙwayoyi a buɗe bisa kan ƴan talla ya san ba tatsuniya nake ba.

Masu aikin rigakafi sun fahimci haka, shi ya sa suka sa wa kwalbarsu mai shaida. Tun 1996 ake manna wa kwalbar rigakafin shan inna wani ɗan tambari mai murabba'i a tsakiya, wanda ke yin duhu gwargwadon zafin da ta sha. In ya yi duhu kamar da'irar da ke kewaye da shi sai a jefar, ko da kwanan watanta bai cika ba. Allurar sanƙarau da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina a 2010, sai da aka gwada aka tabbatar, a 2012, cewa tana jure digiri 40 har kwana huɗu, sannan aka yarda ta bar akwatin ƙanƙara na tsawon wannan wa'adi. Irin wannan ƙidaya ta sa'a da digiri ita ce babu a kasuwancinmu.

Ku kuma ma'aikata, musamman na duwan da jandarma da ƴan sanda masu tsaron shinge, akwai rabonku. Ban ce a bar bincike ba, aikinku ne, ƙasa na bukatarsa. Amma awa biyun da mota ta yi bisa kwalta da tsakar rana haraji ne da ɗan kasuwa ya biya wanda bai shiga baitulmali ba, bai amfani kowa ba. A fara duba motar magani da ta kayan lambu da ta kwalabe kafin ta siminti da ƙarfe, tun da siminti ba ya jin rana. A dasa dogon yaro goma a kowane shinge, cikin ƴan shekaru sun zama rumfa. Mai sa hannu a kwangilar kai magani asibitocin karkara ya rubuta sa'ar tafiya cikin sharuɗɗa, kamar yadda yake rubuta kuɗi.

Manoman dankalin turawa na lambunan Dutsi sun san wannan karatu fiye da ni: suna haƙa a ƙarshen sanyi, zafi na biye da su, in ba su sayar da arha ba su zubar. Mai albasa ya sani, mai ƙwai ya sani. Kowa yana ɗaukar asararsa shi kaɗai ya ce ƙaddara ce. Zafin kam ƙaddara ne, ba mu muka zaɓi inda Allah ya ajiye ƙasarmu ba. Amma sa'ar lodi, da zana bisa kaya, da layi uku a takarda, waɗannan a hannunmu suke, kuma amanar ciniki tana cika ne in abin da ya isa shi ne abin da aka aika. Allah ya kai mu damina lafiya.